Yaron Da Ya Daina Amsa Kira

'Yan'uwana mata, yau zancenmu a kan kunnen yaro ne. Kun dai san sanƙarau, cutar nan da ke zuwa mana da bazara. A 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, a ƙarshen 2016 kuma ta sake ɓullowa nan Zamfara. Likitoci sun ce cikin waɗanda suka tashi daga ita, kamar ɗaya cikin biyar ba ya rabuwa da wata naƙasa, kurumta kuwa tana cikin na gaba. Ƙyanda ma tana yin haka.

To, abin da ke damuna shi ne yadda mukan yi bayan ciwo ya wuce. A yi barka, a yi sadaka, shi ke nan an manta. Akwai wata maƙwabciyata da ɗanta ya tashi daga sanƙarau yana shekara biyu. Da yana cewa Inna, yana cewa ruwa, sai ya yi shiru. Kakarsa ta ce nauyin baki ne, haka ubansa ya yi. Wasu suka ce iska ce. In an kira shi bai waiwaya ba, a ce taurin kai. Sai da ya kai shekara biyar aka gane ba ya ji. Ba na ganin laifin uwar, gama ba wanda ya taɓa gaya mata cewa magana ta kunne take shiga.

Masana sun auna wannan abu. A 1998 wata malama a Kolorado ta ƙasar Amurka, Christine Yoshinaga-Itano, ta bincika yara 150 masu raunin ji. Waɗanda aka gane tun ba su wuce wata shida ba, aka soma koya musu, sun fi sauran sanin harshe nesa, ko da baki aka koya musu ko da hannu. Watau jiran nan da muke yi, wai bari ya ƙara wayo, shi ne ke cin yaron.

Gwaji ba wuya. Ki tsaya bayansa inda bai ganin ki, ki kira sunansa ko ki kaɗa cokali a kwano. Kada ki buga ƙafa a ƙasa, don kurma yana jin motsi a jikinsa, ya ruɗe ki. In kin yi haka kwana biyu uku bai juyo ba, ki ce da maigida a tafi asibiti, a faɗa musu ji ake so a auna. A Kaduna akwai cibiyar kula da kunne ta ƙasa tun 1999, wasu yaran kuma na'urar ji tana taimakonsu.

Mu na Mafara da Bakura da Maradun muna da wani abu kuma. Tun da aka gama dam ɗin Bakolori a 1978, yaranmu suka sami wurin iyo cikin magudanan ruwan gonaki. Yaron da kunnensa ke zubar da mugunya, ki hana shi shiga ruwan nan, kada kuma ki ɗiga masa mai ko ruwan ganye. Fatar cikin kunnen ce ta huje, abin da aka zuba duk ciki yake wucewa.

In kuwa Allah Ya sa jin ya tafi, kada ki ji kunyar yi masa magana da hannu. Na sha ganin ana buge hannun yaro wai don ya buɗe baki, wannan zalunci ne. Wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da kurame a Kano, ta rubuta littafi a kan maganar hannu tasu a 2000, ta nuna harshe ne cikakke mai ƙa'idarsa. A Kano ɗin akwai makarantarsu a Tudun Maliki tun 1977. Ku 'yan makaranta da ke da ƙane ko ƙanwa kurma, kun fi mu saurin ɗaukar abu. Ku nemi babban kurman unguwarku ya koya muku, ku dawo gida ku koya wa iyayenku mata.