Magarya, ƙasar da muke zaune



Ni malamin yaƙi da jahilci ne a wani ƙauye na gundumar Magarya. A wannan wata ina so mu yi hira kan ƙasarmu. Na lura da yawa cikinmu sun san unguwannin Kano ciki da bai, sun san tashar motar kowane gari, amma in ka tambaye su asalin Magarya sai su yi shiru. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Magarya tana kudu da Damagaram, kusan kilomita 90. In ka taso daga Zinder za ka bi ta Bande kafin ka iso. In ka wuce Magarya sai Tinkim, sai iyaka, sai Baɓura ta ƙasar Najeriya, daga nan hanya ta miƙe har Kano. Gabas da mu Dungas take. A da gunduma ɗaya muke da su. A shekarar 2011 ne gwamnati ta ba Dungas gundumarta, tare da Dogo-Dogo da Guci da Malawa. Mu kuma muka tsaya da Bande, Dancawo, Kwaya, Sasumburum, Waca da Yekuwa.

Sunan garin sunan icce ne, magarya mai ƙaya da yara ke tsintar ƴaƴanta.

Tarihinmu yana haɗe da na Daura. Lokacin jihadi, wajen shekarar 1805, Fulani suka karɓe birnin Daura daga hannun Sarkin Gwari Abdu. Shi da jama'arsa suka yo arewa. Daga baya zuriyar gidan ta rabu. Wasu suka zauna Zango, wasu Baure, wasu kuma Magarya. Dungas da Waca kuwa tasu sarauta daban ce, ta Sosebaki, dangi ɗaya da Mirya. Da Damagaram ta yi ƙarfi, musamman zamanin Sarki Tanimu, duk waɗannan garuruwa suka koma bin ta.

Faransawa sun shiga Zinder a 1899. Tsakanin 1906 da 1908 su da Ingilishi suka bi daji suna kafa alamun iyaka. Zango da Baure suka faɗa Najeriya, Magarya ta faɗa Nijar. Wa da ƙane, kowa da ƙasarsa. Har gobe akwai manomin da gidansa ke nan, surukansa na can. A kasuwanninmu na bakin iyaka naira da sefa tare suke yawo. Da Najeriya ta rufe iyakarta a 2019, mun ji a jikinmu. Mai wake ya rasa ɗan kasuwar da ya saba saye. Mai rago ma haka.

To, yanzu ga abin da ya fi damuna, wato ƙasar noma.

Allah ya ba mu abin da bai ba na arewa ba. Damina ta fi sauka a nan bisa Tanut. Ga kuma Korama da fadamunta, inda in ka haƙa kaɗan sai ka tarar da ruwa. A Bande da Waca da Guci ana noman rake, da rogo, da dankali, da albasa. Duk wanda ya bi hanya da sanyi ya ga motoci ɗauke da rake sun nufi Zinder. Saboda wannan albarka mutane suka taru a nan. Ƙidayar 2012 ta sami mutum fiye da dubu 570 a gundumar Magarya, da fiye da dubu 350 a ta Dungas. Yau mun fi haka nesa. Ita kuwa ƙasa ba ta ƙaru ko taki ɗaya ba.

Gonar da kakana ya noma shi kaɗai, yau gida shida ke cin ta. Ba a barin saura ta huta kamar da, don babu inda za a koma. In aka zo rabon gado sai ka ga ƴan uwa ɗaya uba ɗaya gaban sarki. Burtalin shanu ma ana ta ɗan cin gefensa kowace damina, wannan ya ƙara kunya ɗaya, wancan ya ƙara biyu. Ranar da Bafillace ya zo wucewa da garkensa ya tarar hanya ta tsuke, sai faɗa. Ni dai a ganina wanda ya noma burtali shi ya fara tsokana.

Tsofaffi suna yawan ba mu labarin zamanin gyaɗa. An kafa SONARA a 1962, ita ke sayen gyaɗar manoma ta kai waje. A nan Magarya har masana'antar tatsar mai aka gina, SEPANI. Mahaifina ya ce da kaka buhuna ake jibgewa sai ka ɗaga kai. Da kuɗin gyaɗa ake biyan haraji, a yi aure, a sayi keke. Sai fari ya zo a 1973. A 1975 kuma kuturun gyaɗa ya bi gonaki ya lalata su. Tun daga nan gyaɗa ba ta koma yadda take ba. Yanzu wake da riɗi ne suka kama wurin, ga gero da dawa na ci.

Abu ɗaya da manomanmu suka yi, wanda har baƙi daga ƙasashen waje ke zuwa kallo, shi ne rainon gawo. Bayan yunwar 1984 gonaki da yawa sun zama fili fetal. Mutane suka daina tumɓuke ƴan gawon da suka tsiro da kansu. In mutum na sassabe sai ya kewaye su, ya rage rassa, ya bar guda mai ƙarfi. Yau in ka bi ƙasar Magarya da Matamai da Mirya gawo ne ko'ina. Kun san halinsa. Da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya rufe wa gero rana. Da rani yake kore, dabbobi su kwanta a inuwarsa su bar taki, su ci ƴaƴansa. Geron gindin gawo ya fi na fili zangarniya, kowane manomi shaida ne. Ana cewa Sarki Tanimu ya hana sare gawo a ƙasarsa, da horo mai tsanani. Ashe tun da can an san darajarsa.

Duk da haka akwai masu bin dare da gatari. Mutum ya yi shekara goma yana rainon icce, wani ya sare cikin dare ɗaya ya kai kasuwa. Wasu ƙauyuka sun naɗa masu tsaro daga cikinsu, manomi da makiyayi tare. Inda aka yi haka an sami sauƙi.

A ajinmu mun fara wani aiki. Kowane ɗalibi ya je wurin tsohon da ya fi kowa shekaru a ƙauyensu da littafi da fensir. Ya tambaye shi wa ya fara saran garin, daga ina ya zo, wace rijiya aka fara haƙawa, ina burtali ya bi a da. Wata ɗalibata da ta fara karatu bara ta kawo shafi biyu da hannunta, har da sunayen masu gari bakwai a jere. Tsohon da ya faɗa mata ya haura shekara tamanin.

Duk cibiyar da ta yi irin wannan, a Magarya ko a Dungas, ta ba malaminta takardun ya aiko wa wannan jarida. A rubuta sunan ƙauye da na tsohon da ya ba da labari.