Masu Riƙau a Rawayau

Mu a Kano, in aka ce wane ɗan ra'ayin riƙau ne, an gama da shi ke nan. A gidan NEPU da PRP na tashi, inda ake ba mu labarin bulalar 'yan doka tun muna yara. Shi ya sa hirar da na tarar a Rawayau, cikin ƙasar Kurfi, ta ɗaure mini kai.

Bayan la'asar ne, dattawa na zaune kan tabarma a gindin dalbejiya, rediyo na ta ɓaɓatu ba mai saurarensa. Wani tsoho mai jan carbi ya ji daga inda na fito, ya matsa mini wuri. Ba attajiri ba ne, ba ya riƙe da sarautar komai, amma har yau yana kare tafarkin NPC, kuma da hujja yake karewa.

Na ce, "Baba, ai ku ne ba ku son canji."

Bai yi fushi ba. Ya tambaye ni ko na san Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944. A zamaninsa aka buɗe Kwalejin Katsina da ta yaye Sardauna da Tafawa Ɓalewa. Ya je Makka, ya je Ingila, ya dawo da rawaninsa a kansa. A ganin tsohon, gara sabon abu ya shigo ta hannun wanda jama'a suka sani suka yarda da shi, a gwada shi a hankali, domin rushe tsari aikin yini ɗaya ne, gina amana kuwa sai an yi zuriya. Ya tuna mini cewa Ɓalewa da kansa ya soki mulkin En'e a majalisar Arewa a 1950, yana neman a gyara shi daga ciki.

Inda ya fi daɗewa shi ne kan mai unguwa. A da, baƙo ba ya kwana a gari sai mai unguwa ya san mai masaukinsa, ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, Maraɗi a Kurfi ko 'Yandaka a Dutsin-Ma. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya bar musu rawani, ya karɓe iko. A yankin da ɓarayin daji suka hana mutane noma, wannan magana tana da nauyi.

Ban yarda da shi duka ba. Lokacin da Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a 1979, Katsina na cikin Jihar Kaduna, kuma talakawa sun yi murna don sun ɗanɗana ƙuncin karɓarsu. Na faɗa masa haka. Ya ce gaskiya ne, an yi zalunci, kuma hakimin da ya ci amana tuɓe shi ya kamata a yi. Tambayarsa ita ce, da aka kawar da tsarin baki ɗaya, wa aka ɗora wa sanin mutanen ƙauye gida-gida? Na ce kansila. Ya ce in shiga gari in tambayi mutane yaushe suka ga nasu.