Shekarar da Fijon Kawu Ta Koma Fankar Lantarki

Kafin Golf da Starlet su cika titunanmu, motar haya a Arewa Fijo ce. A 1975 aka fara harhaɗa ta a Kaduna, kuma a wancan zamanin duk tashar da ka shiga 504 ce ke kan layi. Kawuna yana da guda, wagon mai kujera layi uku, yana jigila da ita daga Unguwa Uku a Kano zuwa Kawo a Kaduna. A tsakiyar shekarun 1990 na gama sakandare ina zaman jiran sakamako, sai ya ɗauke ni yaron mota. Aikina wanki, ɗaure kaya, duba baƙin mai, da cika lagireto kowace asuba.

Fankar motar a jikin famfon ruwa take, fambel ɗaya ke juya ta tare da altaneta. Wasu 504 sun zo da fanka mai kamawa da saki da kanta idan inji ya ɗau zafi, amma makanikanmu sukan ɗaure ta tamau da zarar ta fara gardama, kuma haka tamu take. Saboda haka gudunta gudun inji ne. A buɗaɗɗiyar hanya, inda iskar gudu kaɗai ta isa ta sanyaya lagireto, nan take gurnani tana cin ƙarfin inji a banza. A cunkoso kuwa, inda babu iskar da ke shigowa kuma inji na silo, sai ta yi ta juyi a kasale. Kamar baran da ke zage damtse ranar da babu aiki, ya hau gyangyaɗi ranar da baƙi suka cika gida.

Muddin hanya na tafiya, wannan aibi ba ya bayyana. Abin da ya tona shi gosulo ne. Na'ibawa ta fara cushewa da tireloli, Kwangila a Zariya sai ka yi ta jan jiki, ga shingayen bincike. A watan Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, allurar zafi takan fara hawa tun ba mu bar gari ba. Kawu ya sa giya a furi ya taka totur don fanka ta ƙara gudu, mai yana ƙonewa muna tsaye wuri ɗaya. Idan ta ƙi sauka sai mu gangara gefe, in ɗauko jarka in riƙa kwara ruwa a jikin lagireto, fasinjoji na tsaki. Murfin kuwa ba a taɓa shi sai ya huce, don kowa a tasha ya san wani da tururi ya saɓule wa fatar hannu.

Wani mai gyaran waya, rewayan da ke zama a bakin garejin da muke kai mota, shi ya kawo shawarar a sa mata fankar lantarki. A lokacin motocin Beljiyam sun fara kwararowa, kuma yawancinsu injinsu a kwance yake a gicciye, fambel ba ya kallon lagireto, don haka da fankar lantarki aka ƙera su. Duk wadda ta yi hatsari aka farke ta, fankarta na kasuwa.

Bakaniken Kawu bai so ba. "Alhaji, kar ka bari a ɓata maka mota," in ji shi. "Fambel in ya tsinke ko a daji ka ɗaura wani. Waya in ta ƙone wa za ka kira?"

Rewaya ya ce, "Maigida, tof gasket nawa ka canza masa bana?"

Shiru ya biyo baya, kuma da wannan tambayar aka yanke hukunci.

Ni aka haɗa da rewaya zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa. Ban manta yadda ya gwada fankar ba. Ya fara juya fukafukan da yatsa yana sauraron ko akwai ƙara a ciki, ya girgiza tsakiyar ya ji ko tana lilo. Sannan ya ɗora wayoyi biyu a kan batir, ya kara ledar ruwa a gabanta, fanka ta zuƙe ledar ta manne. Ya juya wayoyin, leda ta tashi sama. Ya ce da ni, "Ka gani ko, ɗan samari? In ka haɗa ta a baibai, tana tura iska gaba, hanya na turo iska baya, lagireto na tsakiya babu abin da ya samu."

Aikin ya ci yini. An kwance fukafukan tsohuwar fanka, aka bar fambel a wurinsa tunda har yanzu shi ke juya famfon ruwa da altaneta. Mai walda ya yi ƙafafun ƙarfe aka kafa sabuwar dab da bayan lagireto, don in ta yi nisa iskar gefe za ta riƙa ja. Mai gyaran lagireto ya huda ya liƙa mazaunin wani ɗan makunni na tagulla, wanda ke haɗa wuta idan ruwa ya kai wajen digiri 90, ya yanke idan ya sauka. Fankar na jan wuta da yawa, don haka rewaya ya jawo mata waya mai kauri daga batir ta bi ta fiyus da rile, makunnin tagullan aikinsa kawai ya ta da rilen. Kawu ya kafe sai an ƙara masa makunnin hannu a ƙarƙashin sitiyari. Ya ce ba zai bar ƙarfe ya yanke masa shawara shi kaɗai ba.

Washegari motar ta zama wata daban. Gurnanin nan ya tafi, har muna jin rediyo sosai. A Kwangila allura ta hau kaɗan, muka ji fanka ta kama da kanta, allura ta koma mazauninta. Kawu bai ce komai ba, sai dai ya ɗauke ƙafarsa daga totur.

Amma kowane allazi da nasa amanu. Da dare, idan fanka ta kama ana silo, fitilu sai su dushe, domin altanetar Fijo ba a yi ta don wannan nauyin ba. Sai da aka nemo babba. Sannan maganar bakanike ta tabbata ta wata fuskar. Fambel in ya tsinke, jar fitilar caji na kamawa nan take, ka san an yi ɓarna. Fankar lantarki kuwa a shiru take mutuwa. Wata rana fiyus ya ƙone, muka yi ta gudu lafiya lau saboda iskar hanya, sai da muka tsaya a shinge kusa da Kwanar Ɗangora tururi ya turnuƙe. Daga ranar Kawu, wanda ya shekara ashirin yana tuƙi da kunne, ya koyi tuƙi da ido a kan allura, kuma fiyus ya samu wuri a aljihunsa tare da goro.

Abin da ke ba ni mamaki yanzu shi ne yadda muka juya baya. Kai mota gareji yau ka ce tana zafi, kafin ka rufe baki an ce a cire tamostat a yi wa fanka dairet, wato ta riƙa juyawa daga ta da inji har kashe shi. Inji ba ya kaiwa zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, yana shan mai fiye da ƙima, fankar kuma ta ƙone kafin lokacinta. Ainihin ciwon, ko lagireto ne ya toshe ko murfi ne ya saki, yana nan ba a taɓa shi ba. Duk wahalar da muka sha a kan Fijon Kawu don mu samu fankar da ta san lokacin aiki da lokacin hutu ne. Duk wanda aka ce za a yi wa tasa dairet, ya fara tambayar nawa ne kuɗin sabon makunni.