Dandalin Russell: Unguwar Da Ake Neman Dokokin Sin Da Na Indiya A Landan

Jirgin ƙarƙashin ƙasa da ke tasowa daga filin jirgin sama na Heathrow yakan kai mutum har tashar Russell Square ba tare da ya sake wani jirgin ba, tafiyar kusan sa'a guda. Da fitowa daga tashar, taku kaɗan ne zuwa wani dandali mai manyan itatuwa da kujerun hutawa, wanda gidajen bene na jan bulo da makarantun Jami'ar Landan suka kewaye. Yawancin baƙi ratsa shi kawai suke yi su nufi Gidan Tarihin Birtaniya da ke kusa. Amma ga mai neman sanin dokokin ƙasar Sin da na sauran ƙasashen Asiya, nan ne zango, domin manyan ɗakunan karatu uku da zai bukata duk a ƙafa ake zuwa musu daga wannan dandali.

Na farkonsu shi ne na Makarantar Nazarin Gabas da Afirka, wadda aka fi sani da SOAS. An kafa ta a 1916 don koya wa ma'aikatan mulkin mallaka harsuna da al'adun ƙasashen da za a tura su, aka kuma ƙara Afirka cikin sunanta a 1938. Ba baƙuwa ba ce ga Hausa, don Bargery mai ƙamus ɗin 1934 ya koyar a cikinta. Ginin ɗakin karatun na yanzu a 1973 aka buɗe shi. Daga waje siminti ne zalla, ba wani ado. Sai an shiga ake ganin fili a tsakiya, hawa-hawa na kantocin littattafai sun kewaye shi har sama, littattafai fiye da miliyan ɗaya. Wanda ba ɗalibin makarantar ba sai ya yi rajista tukuna, saboda haka a tafi da takardun shaida.

Tushen littattafan Sinanci na wurin wani ɗan mishan ne, Robert Morrison, wanda ya sauka Kanton a 1807. Da zai koma gida a 1824 ya taho da littattafai kimanin 10,000 na addini da magani da tarihi da sauransu, aka ajiye su a wata kwaleji ta Landan, kana aka maido su SOAS a 1922.

To, mai binciken dokar Sin daga ina zai fara? Masana sukan fara ne daga kundin daular Tang, wanda aka kammala shi tare da sharhinsa a shekarar 653. Sassa 502 gare shi, kowane matani da bayaninsa a ƙarƙashi, yadda almajiri ya saba gani a littattafan fiƙihu. Hukunci iri 5 ya tanada: dukan ƙaramar sanda, dukan babbar sanda, aikin dole, kora zuwa nesa, da kisa. Daga gare shi Japan da Koriya da Biyetnam suka ɗebo nasu dokokin na dā, don haka wanda ya san shi ya rage wa kansa rabin tafiya. Wani Ba'amurke, Wallace Johnson, ya fassara shi zuwa Turanci cikin juzu'i biyu, na farko a 1979, na biyu a 1997. Tazarar shekara 18 da ke tsakaninsu kaɗai ta isa ta nuna nauyin aikin.

Kundin daular Qing, daular sarakuna ta ƙarshe a Sin, ya fi wannan ruɗarwa. Tsarinsa na 1740 yana da uwayen dokoki 436 waɗanda ba a cika taɓa su ba, amma a ƙarƙashinsu akwai ƙananan dokoki da aka yi ta ƙarawa har suka kusa 1,900, kuma da su alƙalai suka fi yin aiki. George Staunton, ma'aikacin Kamfanin Gabashin Indiya a Kanton, ya fassara kundin a 1810, a lokacin da 'yan kasuwar Ingila da matuƙan jiragensu ke ta karo da alƙalan Sin. Sai dai ya bar yawancin ƙananan dokokin, watau ya kawo gangar jikin ya baro jijiyoyin. Wanda ke son ganin yadda aka yanke shari'a a zahiri sai ya nemi littafin Bodde da Morris na 1967, mai ɗauke da shari'o'i 190. Kanton ɗin nan kuwa ita ce Guangzhou, inda 'yan kasuwar Kantin Kwari ke saro kaya a yau.

Wannan sauyin suna shi ne tarkon farko da ke kama baƙo a gaban kundin sunayen littattafai. Hanya biyu ake rubuta Sinanci da haruffan boko: tsohuwa ta Turawa, da sabuwa ta gwamnatin Sin. Abin da tsohon littafi ya rubuta Ch'ing, sabo Qing yake rubuta shi, kamar yadda Peking ta koma Beijing. Manyan ɗakunan karatu sun koma sabuwar hanya wajen shekarar 2000, amma bangon tsofaffin littattafai bai sake ba. Wanda ya nema da rubutu ɗaya kawai, rabin kayan zai gani ya ɗauka ke nan.

Dokar Sin ta zamani kuma ba ɗaya ba ce. Da 'yan gurguzu suka karɓi mulki a 1949 sun soke kundaye shida na gwamnatin da suka kora, amma kundayen suka bi masu su zuwa tsibirin Taiwan, inda ake aiki da su har gobe bayan gyare-gyare. Hong Kong, wadda Ingila ta mayar a 1997, ta riƙe tsarin shari'ar Ingilishi, dokokinta da Turanci da Sinanci, don haka lauyan Nijeriya zai ji kamar yana gida. Makau ta gaji na Fotugal. A babban yankin kuwa sai 1979 aka farfaɗo da aikin doka sosai, aka yi tsarin mulki a 1982, aka kuma haɗa dokokin ciniki da aure da gado cikin kundi guda mai sassa 1,260 wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2021.

Yawancin waɗannan ba a kan kanta suke ba, a kwamfuta ake samunsu. Akwai rumbun Jami'ar Peking mai fassarar Turanci, wanda sai an biya, shi ya sa zama a ɗakin karatun da ya biya yake da amfani. Kotun Ƙolin Sin ta buɗe shafin intanet na hukunce-hukunce a 2013, aka zuba miliyoyi, amma daga 2021 masu bincike suka lura an janye da yawa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne fassarar Turanci ba ita ce doka ba. Idan magana ta kai gaban alƙali, matanin Sinanci ake buɗewa, tare da fassarar da Kotun Ƙoli ta yi masa.

Wannan ba zancen malaman jami'a kaɗai ba ne. Nijeriya ta ƙulla hulɗar jakadanci da Sin a 1971, kuma da bashin bankin Sin aka shimfiɗa dogon Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. A 2020 Majalisar Wakilai ta ta da jijiyar wuya kan wasu sharuɗɗan irin waɗannan basussuka, bayan an riga an sa hannu. A 2021 wani kwamitin sasanci da ya zauna a Landan ya ba kamfanin Zhongshan diyyar kimanin dala miliyan 70 kan rikicin yankin ciniki na Jihar Ogun, har a 2024 wata kotun Faransa ta ba da izinin tsare jiragen fadar shugaban ƙasa guda uku. Ƙasar da ke irin wannan hulɗa tana bukatar lauyoyin da za su karanta dokar abokin cinikinta da harshensa, kafin sa hannu.

Ɗakin karatu na biyu yana bakin dandalin, a gida mai lamba 17, watau Cibiyar Nazarin Shari'a Mai Zurfi da aka kafa a 1947. Ƙarfinta dokokin ƙasashen da Ingila ta mulka ne, kuma a nan ɗan Arewa zai ci karo da tarihinsa. Farfesa Norman Anderson, wanda ya shugabanci cibiyar daga 1959 zuwa 1976, yana cikin kwamitin masana da gwamnatin Sardauna ta gayyato a 1958, tare da Alƙalin Alƙalan Sudan, Abu Rannat, da Mai Shari'a Muhammad Sharif na Pakistan. Shawararsu ce ta haifi Final Kod, wanda ya fara aiki a 1960. An gina shi a kan na Sudan, na Sudan kuma a kan kundin laifuffuka na Indiya na 1860 da Macaulay ya tsara. Saboda haka lauyan da ke neman ma'anar wani sashe na Final Kod yakan same ta a hukuncin alƙalan Indiya, cikin jerin All India Reporter. Abin mamaki, Indiya ta yi ritaya da nata kundin ranar 1 ga Yulin 2024, alhali jikansa na nan yana aiki a kotunan Abuja.

Sauran ƙasashen ma haka abin yake: a tambayi wanda ya mulke su ko wanda suka kwaikwaya, sai a san inda littattafan suke. Japan ta ɗauki salon Jamus a kundinta na 1898. Dokar gargajiyar Indunusiya, wadda suke kira adat, 'yar'uwar kalmar al'ada, Turawan Holan ne suka tattara ta, don haka Landan ba ta kai birnin Leiden ba a wannan fanni.

Na ukun shi ne Babban Ɗakin Karatun Birtaniya, tafiyar minti 15 arewa da dandalin, daura da tashar St Pancras. Katin shiga kyauta ne ga wanda ya kawo shaidar kansa da ta adireshinsa. A nan aka ajiye takardun Ofishin Indiya, wasiƙu da rahotannin Turawan da suka tsara wa Indiya dokokinta. A nan kuma ake samun takardun da Aurel Stein ya kwaso a 1907 daga wani kogo a Dunhuang, bakin hamadar yammacin Sin. Yawancinsu na addinin Buda ne, amma a cikinsu akwai yarjejeniyoyin rance da na saye da sayarwa na fiye da shekara 1,000, da sunayen shaidu a jere a ƙasan takarda.