Kwana goma a Landan, tambaya guda a aljihun kowane yaro

Kowa ya san karin maganar nan da ke cewa tafiya mabuɗin ilimi ce. A shekaru kusan ashirin da na yi ina riƙe da alli, na ga inda maganar take tsayawa. Na sha ganin ɗan masu hali da aka kai wata ƙasa lokacin bakansi, ya dawo lakwal a watan Oktoba, in tambaye shi me ya gani, ya ce mini gidaje masu tsawo, shi ke nan. Na kuma ga yaron da iyakar tafiyarsa ƙauyen kakarsa ne, ya dawo yana yi wa aji bayanin yadda ake gina rijiya daki-daki, har da abin da ake yi in ƙasa ta fara zubowa. Na biyun ya tsaya ya yi tambaya, na farkon an bi da shi ne kawai.

Da wannan tunanin na shiga jirgi zuwa Landan a tsakiyar watan Yuli, ni da uwargida da ƴaƴanmu uku. Albashin malami ba ya kai iyali Ingila, kowa ya sani. Ƙanen uwargida ne da ya daɗe yana aiki can ya ɗauki nauyin tikiti da masauki, Allah ya saka masa. Kafin mu sauka ya riga ya rubuta wurare sun fi ashirin da yake son mu gani cikin kwana goma. Na roƙe shi mu rage. Ya ce, “Haba Malam, wa ya san ranar da za ku sake zuwa?” Na ce masa ai dalilin ke nan. Muka yi ta ja har muka daidaita: kwana biyu nasa ne, ya kai mu duk inda ya so, sauran kwanakin kuma wuri guda a yini. Na ƙara sharaɗi biyu. Kowane yaro zai rubuta tambaya guda a kaye kafin mu fita, da dare kuma zai aika wa kakarsu a Damagaram saƙon murya da Hausa, ya gaya mata abin da ya gani.

A kwana biyun Kawu mun ga hasumiyar agogon nan ta majalisar dokoki, wadda babbar ƙararrawarta ce ake kira Big Ben, mun ga gadar da ke buɗewa jiragen ruwa su wuce a Kogin Tems, wadda aka buɗe a 1894, mun tsaya a ƙofar fadar sarki cikin cunkoson baƙi. Mun yi hotuna masu kyau, kuma ban raina su ba. Sai dai saƙon da yaran suka aika a waɗannan darare bai wuce jerin sunaye ba.

Tambaya ta gaske ta farko daga auta ta fito, mai shekara 8, kuma a ɗaki ta fito. Da ƙarfe takwas da rabi na dare muka kira kakarsu, ta ce ta idar da sallar lisha tana shirin kwanciya. Mu kuwa rana na nan a taga, ko magariba ba ta yi ba. A lokacin zafinsu Turawan Ingila suna tura agogo gaba da awa ɗaya, sai ya zo daidai da na Nijar. Auta ta duba agogo, ta duba taga, ta ce, “Baba, rana biyu ce?” Na ɗauki lemu na soke shi da biro, yayanta mai shekara 12 ya haska da fitilar waya. Na karkata lemun kamar yadda duniya take a karkace da digiri 23 da rabi, na ɗiga alama a sama a madadin Landan da ke digiri 51 arewa, wata a ƙasa a madadin Damagaram da ba ta kai digiri 14 ba. Da muka juya lemun, alamar sama ta daɗe cikin haske bayan ta ƙasa ta shige duhu. Wannan darasi ina yin sa a ajin CM2 duk shekara, yara su haddace. A daren nan yarinyar ce ta nemi darasin da kanta, saboda lokacin sallah ya rikice mata.

Washegari muka tafi Girinic, unguwar da ke kudu maso gabashin birnin, inda aka gina gidan duban taurari a kan tudu a 1675. Nan ne layin meridiyan na digiri sifili ya ratsa, an shimfiɗa shi da ƙarfe a ƙasa, mutane na layi don su ɗora ƙafa ɗaya gabas ɗaya yamma. Tambayar ɗana ita ce: wa ya ce daga nan za a fara ƙirga? Amsar ta ba shi mamaki. Mutane ne suka zauna a Washinton a 1884, ƙasashe 25, suka kaɗa ƙuri’a. Ƙasashe 22 suka yarda da Girinic, saboda yawancin jiragen ruwan zamanin da taswirar Ingilishi suke aiki. Faransa ta ƙi jefa ƙuri’a, ta riƙe layinta na Paris, sai a 1911 ta daidaita agogonta da na Girinic. Na nuna masa a taswira yadda layin ya gangara ta Faransa da Sifen da Aljeriya, ya bi ta kusa da Gao a Mali, ya ratsa Burkina Faso da Togo, ya faɗa teku a Tema ta Gana, ya bar Nijar gaba ɗaya a gabas. Ya yi shiru, sannan ya ce ashe da ƙasarmu ke da jiragen ruwa a lokacin, da ta Zandar layin zai bi. A ganina wanda ya faɗi haka ya fahimci darasin fiye da wanda ya kawo ma’anar meridiyan babu kuskure a jarrabawa.

Manyan gidajen tarihin Landan ba a biyan kuɗin shiga, tun Disamba 2001 aka mayar da na gwamnati kyauta. Wannan ya taimaka, domin a lokacin fam ɗaya ya haura sefa 750, kuma kome a garin da tsada. Mukan ɗauki abincinmu daga gida. Auta ba ta biya kuɗin bas ko na jirgin ƙarƙashin ƙasa ba, domin yaron da bai kai shekara 11 ba kyauta yake shiga in yana tare da babba. Jirgin nan tun 1863 yake aiki, shi ne irinsa na farko a duniya.

A Gidan Tarihin Halittu, da shigarka za ka ga ƙwarangwal ɗin balen rataye a sama, tsawonsa mita 25, na wata dabba da ta maƙale a gaɓar tekun Ayalan a 1891. Auta ta zo da tambayar ko kifi ne. Yayarta mai shekara 15 ta nuna mata ƙasusuwan da ke cikin abin ninƙayarsa, masu kama da yatsun hannu, ta ce mata dabba ce mai shayar da ɗanta nono, tana fitowa sama ta shaƙi iska. A sashen dinozor muka tsaya gaban wani mai dogon baki irin na kada, wanda aka tono a kudancin Ingila a 1983, sunansa Baryonyx. Na gaya musu cewa yana da ɗan’uwa na kusa da aka tono a hamadar Tenere a 1997, Suchomimus, kuma yankin Gadufawa na jihar Agadas yana cikin wuraren da masana suka fi sani a Afirka wajen irin waɗannan ƙasusuwa. Babbar ta tambaya ko ana iya ganinsu a gida. Na ce akwai ƙwarangwal ɗin dinozor a Gidan Tarihi na Bubu Hama da ke Yamai. Ta sa wannan a kayenta, ta ja layi a ƙarƙashi.

A nan ne uwargida ta lura da abin da ya fi ƙasusuwan tsaya mini a rai. Makarantun Ingila ba su kai ga hutu ba a lokacin, don haka gidan cike yake da ƴan firamare sanye da riguna masu ɗaukar ido, kowa da takarda da fensir, suna zaune a ƙasa suna zana abin da ke gabansu. Ta ce, “Malam, ƙirga manyan da ke tare da su.” Aji guda, manya biyar ko shida. Muka tambayi wata daga cikinsu, ta ce ita ba malama ba ce, uwar ɗaya daga cikin yaran ce, ta ba da yininta don ta riƙe yara shida. A takardar kuma tambayoyi ne ƴan kaɗan: nemo dabba mai haƙora irin kaza, zana ƙafarta, me kake jin take ci? Ba a nemi su ga gidan duka ba.

Tambaya mafi nauyi a Gidan Tarihin Birtaniya ta zo, wanda aka kafa a 1753. Mun fara da Dutsen Rozeta, wanda sojojin Faransa suka samu a Masar a 1799, ya koma hannun Ingilishi, yana gidan tun 1802. Magana guda ce aka sassaƙa a kansa da rubutu iri uku, na Girka da na Masar biyu, kuma da shi Shampoliyon ya gano yadda ake karanta rubutun Fir’aunoni a 1822. Daga nan muka sauka sashen Afirka, muka tsaya gaban allunan tagulla na Masarautar Benin, wadda ke kudancin Nijeriya ta yau. Babbar ƴata ta karanta bayanin da ke jikin bango, cewa sojojin Birtaniya ne suka kwashe su daga fadar Oba a 1897, ta juyo ta ce, “Baba, to me suke yi a nan har yanzu?” Na gaya mata abin da kowane ɓangare ke faɗa. Gidan yana kafa hujja da wata dokar 1963 da ta hana shi rabuwa da kayan da ke hannunsa, yana kuma cewa a nan duniya duka ke ganinsu. Nijeriya na cewa kayanta ne da aka ɗauka da bindiga, kuma Jamus ta mayar mata da mallakar waɗanda ke hannunta a 2022. Na ce ni ina tare da masu cewa a mayar, amma ta auna da kanta. Saƙonta na daren nan ya kai minti tara. Kakar ta mayar da amsa a taƙaice, ta ce kayan aro ma ana mayarwa, balle na ƙwace.

Akwai dalilin da ya sa na dage sai da Hausa za a yi saƙon. A 1855 wani saurayi Bahaushe mai suna Dorugu ya sauka a wannan birni tare da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth. A Dambanas aka haife shi, kusa da Kance, a ƙasar Damagaram. An kama shi bawa yana yaro, aka ƴanta shi a Barno, ya bi Barth har Tumbutu. A Ingila ya ba wani malamin mishan mai suna Schön labarin rayuwarsa da abin da ya gani a Turai, har da yadda Turawa ke cin abinci, aka buga cikin littafin Magana Hausa a 1885. Daga baya ya koma Kano, inda ya rasu a 1912. Bai kai shekara ashirin ba lokacin da ya ga Landan, amma ya dubi garin da idon mai bincike, ya faɗi abin da ya gani da harshensa. Na ba yarana labarinsa a cikin bas. Yaronmu yakan haddace jimlar Faransanci ya maimaita ba tare da ta shiga kansa ba. In aka ce ya yi wa tsohuwar da ba ta shiga lakwal ba bayanin balen da Hausa, dole ya fahimta tukuna, domin za ta tambaye shi ko ana cin namansa, kuma ina yake kwana.

Na san abin da abokan aikina za su ce, domin ni ma ina cikinsa: aji ya haura yara sittin, ga rana, ga rashin kuɗin mota, ga manhaja da ba ta ƙarewa, ga tsoron abin da zai sami ɗan wani a hanya. Duk gaskiya ne. Amma abubuwan da suka sa kwanakin nan suka zama karatu ba su da tsada: wuri guda, tambaya kafin a fita, babba guda ga ƴan yara kaɗan, da bayar da labari bayan an dawo. An koya mana kusan haka a makarantar horar da malamai, a darasin lura da abu, sai yawan yara ya tura mu ga allo. A Zandar kaɗai akwai fadar Sarkin Damagaram da gidajen Birni masu zane, akwai majema, akwai gine-ginen zamanin da garin yake babban birnin mulkin mallaka kafin a koma Yamai a 1926. Makarantu da yawa za su kai can da ƙafa. Kowane gari na da maƙera ko marina ko kasuwar dabbobi ko gidan ruwa.

Abin da malami ba zai iya shi kaɗai ba shi ne riƙon yara sittin a kan titi. Nan ne nake roƙon iyaye. In mushen ɗanku ya aiko yana neman mutum shida su ba da safiya guda a zango, ku amsa. Ni na riga na kai maganar gaban ƙungiyar iyayen yara ta makarantarmu, uwaye huɗu da uba guda sun ba da suna. Majema za mu fara zuwa in sanyi ya shigo, kuma tun yanzu wani yaro ya kawo tambayarsa: me ya sa fatar da aka jeme ba ta ruɓewa?