Maganar lamba tara da wasanmu na ranar Asabar

Jama'a ku yi haƙuri, rubutun nan zai ɗan yi tsawo. Wanda ba shi da lokaci ya wuce abinsa, ba faɗa. Amma 'yan fakaltinmu, musamman waɗanda suka kaɗa ƙuri'a a guruf daren Asabar, don Allah ku daure ku kai ƙarshe, da ku nake.

Ga wanda ba ɗan makarantarmu ba, bari in ɗan warware. Duk shekara ana gasar kofi tsakanin fakalti-fakalti, kuma a duk wasannin babu mai zafin Injiniya da Shari'a. Tsohuwar hamayya ce, waɗanda suka fara ta sun gama, sun yi bautar ƙasa, wasu har da 'ya'ya. Su suna ce mana makanikai, mu muna ce musu 'yan surutu. A bana mun haɗu a wasan kusa da na ƙarshe, suka ci mu 2 da 1. Ya yi ciwo, ba wanda zai ce bai yi ba. Ni kaina ban iya cin abincin dare ba.

To bayan an tashi sai wani ya buɗe ƙuri'a a guruf, kowa ya ba kowane ɗan wasa maki daga 1 zuwa 10. Da aka tattara, lamba takwas ya tashi da 8, lamba shida 5, gola 4, lamba tara kuwa 2. Wani har ya rubuta wai da akwai sifili da shi zai ba shi. Daga nan aka shiga yi masa sitika.

Shekara uku ke nan ni ke rubuta wa ƙungiyar ɗaliban fakaltinmu rahoton wasa. Ba na tsayawa cikin 'yan ihu. A kan bulo nake zama kusa da benci, da littafi da biro, ina rubuta abin da na gani minti bayan minti. Abin da ke littafina da abin da ke cikin ƙuri'ar nan kamar ba wasa ɗaya muka kalla ba.

Na san daga inda matsalar ta taso. Bidiyo ne na daƙiƙa 14. Minti na 88, an kawo kuros daga dama, golansu ya fita bai samu ƙwallo ba, raga a buɗe, lamba tara ya sa ƙafa, ƙwallo ta tashi sama. Shi ke nan. Mu da muke zaune a Kubwa mota ɗaya muka shigo da yamma, kuma wallahi kafin mu sauka bidiyon ya riga mu isowa gari. Kun san Kubwa, babu makarantar da ba ta da ɗalibi a cikinta: ɗan ABU, ɗan BUK, ɗan Keffi, ɗan Gwagwalada, ga 'yan makarantar lauyoyi ta Bwari, ga masu bautar ƙasa da ke fitowa daga sansani. Da safiyar Lahadi a teburin mai shayi da ke kan titin Gado Nasko, mutum huɗu suka tare ni da maganar, kuma a cikinsu babu wanda ya taka filin. Duk sun riga sun yanke hukunci. Har sun raɗa masa suna, wai Yakubu.

Tun da an kawo Yakubu, mu tsaya a kansa. Kofin duniya na 2010, a Durban, da Koriya ta Kudu. Kowa ya tuna Yakubu Aiyegbeni ya ɓarar da ƙwallo a gaban raga. Mutum nawa ne suka tuna cewa bayan 'yan mintoci kaɗan aka samu fenareti, shi ɗin dai ya ɗauki ƙwallo ya buga ya ci, aka tashi 2 da 2? Mutumin da ya ci wa Najeriya ƙwallo 21, ya ci 95 a Firimiyar Ingila, amma yau ka ambaci sunansa a gidan kallo dariya za a fara. A gasar nan dai aka ba Sani Kaita jan kati a wasan Girka, har barazanar kisa sai da aka yi masa. Ko kwanan nan, da Kwaddibuwa ta ci mu 2 da 1 a wasan ƙarshe na kofin Afirka a Fabrairun 2024, Alex Iwobi aka sa a gaba da zagi har ya goge hotunansa na Instagram, sai da Ahmed Musa ya fito ya roƙi mutane su bari. To waɗannan fa manya ne, ana biyansu, suna da masu lallashinsu. Namu yaro ne ɗan aji biyu, da kuɗin makarantarsa ya sayi but ɗin gwanjo, kuma ranar Litinin dole ya shiga aji ya zauna kusa da masu yi masa sitika.

Yanzu ga abin da bidiyon bai ɗauka ba.

Ƙwallon da muka ci a minti na 23, wa ya haɗa ta? Doguwar ƙwallo ce gola ya buga, lamba tara ya yi tsalle tsakanin 'yan bayansu biyu, waɗanda kowannensu ya fi shi tsawo, ya sauke ta da ka a gaban lamba sha ɗaya. Shi kuma ya tura ta raga. Aka ɗaga lamba sha ɗaya sama ana kiɗa jarka, wanda ya sha gwiwar hannu a haƙarƙari yana kwance a ƙasa ba wanda ya waiwaye shi. Duk rabin farko shi kaɗai muka bari a gaba. Shi ke bin 'yan bayansu yana hana su fara wasa daga gida, dole suka riƙa watsa ƙwallo sama, mu kuma muna tsincewa. Sau biyu aka yi masa keta a bakin da'ira, firikik biyu muka samu ta dalilinsa, ba shi ya buga su a katanga ba. Ita kanta ƙwallon minti na 88, ku sake kallon bidiyon a hankali. Kafin ta iso ƙafarsa ta daki ƙasa ta yi tsalle. Duk wanda ya taɓa taka wannan fili da rani ya san gaban ragar nan, ba ciyawa, sai rami da tsakuwa. Ban ce bai kamata ya ci ba. Ya kamata ya ci, shi ma ya sani. Amma mutumin da ya yi minti 88 yana gudu shi kaɗai, tambayar da ta dace ita ce me ya sa har lokacin ba a kawo masa mataimaki ba. A littafina 6 na ba shi, kuma ina nan a kan bakana.

Wanda ya fi kowa wasa a filin nan ranar Asabar lamba shida ne, wanda kuka ba 5. Na gane dalili. Ba ya yanka, ba ya buga dogon shot, ba ya daga wa 'yan kallo hannu. Idan ya karɓe ƙwallo sai ya miƙa wa na kusa da shi ya koma mazauninsa. Irin wannan wasan ba ya shiga sitatus. Amma na ƙirga sau tara yana ƙwace ƙwallo daga ƙafar kyaftin ɗinsu, yaron da duk makaranta ke tsoro, har sai da kyaftin ɗin ya gaji ya koma gefe yana neman ƙwallo. A minti na 64 aka taka masa idon sawu, ya gwada ci gaba ya kasa, aka fitar da shi. Muna 1 da nema a lokacin. Minti na 71 suka farke, minti na 79 suka ƙara. Ku da kanku ku haɗa lissafin, ai injiniyoyi ne.

Abin da ke ba ni mamaki, yawancin masu ba shi 5 ɗin nan 'yan Chelsea ne. Su ne idan aka zauna za su cika ka da labarin N'Golo Kante, yadda aka ba shi gwarzon wasa a wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai na 2021 bai ci ƙwallo ba. Su ne masu kare Mikel Obi idan aka ce fasin baya kawai ya iya. A talabijin sun gane aikin lamba shida, don mai sharhi ya nuna musu da kibiya da da'ira. A filinmu da babu mai nuna musu, sai ya zama ba su gan shi ba.

Sai lamba takwas. A nan na san za a ji haushina, don abokin kowa ne, ni ma abokina ne, tare muke cin abinci. Yaron ya iya ƙwallo, Allah Ya ba shi ƙafa. Yankan da ya yi wa mutum uku a rabin farko har 'yan Shari'a sai da suka tafa. Amma bayan yankan me ya biyo baya? Ya riƙe ƙwallo har aka rufe shi, alhali lamba tara na tsaye shi kaɗai yana ɗaga hannu. Ƙwallo ta biyu da aka ci mu, wadda kuka ɗora wa gola, daga ƙafarsa ta fito. A rabin filinmu ya tsaya zai yi yanka, aka ƙwace, maimakon ya bi sai ya tsaya yana yi wa alƙali ƙorafi da hannu biyu. Mutum uku suka sauko kan 'yan bayanmu biyu. Gola ya tare ta farko, ta dawo, aka ƙarasa. Me kuke so ya yi, ya rabu biyu? Ni 5 na ba lamba takwas, gola kuma 6, don ƙwallon farko da aka ci mu daga kwana ya yi jinkirin fitowa, wannan kam nasa ne.

Sauran ba sai na ja ba. 'Yan baya na tsakiya sun yi ƙoƙari har ƙarfinsu ya ƙare. Lamba biyu ya sha wahala duk yammacin. Waɗanda suka shigo daga benci ba su canza komai ba.

Wani zai ce duk wannan surutun a kan ƙwallon fakalti? E, a kansa. Daga wannan gasar kocin makaranta ke tsintar waɗanda zai kira atisaye, kuma daga nan ake fitar da masu wakiltar jami'a a wasannin NUGA, waɗanda aka fara tun 1966 a Ibadan, da gasar HiFL da aka fara a 2018. Ba ƙaramar ƙofa ba ce. Adokiye Amiesimaka yana karatun lauya a Jami'ar Legas yake buga wa ƙasa wasa, yana cikin waɗanda suka ɗauki kofin Afirka na 1980 ('yan Shari'a kada ku yi murna da yawa, Segun Odegbami da ya ci biyu a wasan ƙarshen injiniya ne). Koci mutum ne, yana da waya, yaransa na cikin guruf-guruf ɗin nan. Idan abin da ya iso kunnensa kawai shi ne "lamba tara ba ya ganin raga", an gama da yaron ba tare da an zauna an duba ba.

A Amurka, inda wasan jami'o'i ya zama babbar harka, irin ƙwallonsu ta runguma da ture-ture, filin Jami'ar Michigan kaɗai yana ɗaukar mutum sama da dubu ɗari, kuma hamayyarsu da Ohio State ta haura shekara ɗari. Su ma magoya bayansu suna zagi, ba waliyyai ba ne. Bambancin, washegari kociyoyi kan zauna da bidiyon wasan gaba ɗaya, su bi kowane ɗan wasa motsi bayan motsi, su ba shi maki a kan aikin da aka sa shi, ko ƙwallo ta zo wajensa ko ba ta zo ba. Mu nan abin da muke da shi wayar wani ce da ya tuna ya danna a minti na 88.

Jiya Litinin lamba tara bai shiga lakca ba, kuma ya fita daga guruf tun daren Asabar. Da yamma na bi shi gida a Byazhin. Na same shi a ƙofar gida yana wanke but ɗin. Ya ce, "Yaya, ni fa na haƙura da ƙwallon nan. Dama Baba cewa yake karatu aka tura ni." Na ce, "Ƙanina, wa ya sauke wa lamba sha ɗaya ƙwallo?" Ya yi shiru. Na buɗe littafin na nuna masa shafinsa, ya karanta sau biyu, ya ce ashe akwai wanda ya gani. Har ƙanensa na sakandare an nuna wa bidiyon a makaranta. Ga tes ɗin lissafi yana jiransa ranar Juma'a, ya ce ya buɗe littafi ba ya gane komai.

Ban hana kowa jin haushi ba. Wasan hamayya ne, za su yi mana dariya har baɗi, duk wanda ya bi ta gaban fakaltinsu a makon nan ya san me nake nufi. Ku yi faɗa, ku yi musu, ku ce makina ba daidai ba ne, ga wajen sharhi nan a buɗe, ku kawo minti da abin da ya faru mu tattauna. Amma masu sitika da fuskar yaron nan, don girman Allah ku goge. Wanda ya buɗe ƙuri'ar ma na yi masa magana, ya ce zai sauke.

Ranar Alhamis koci zai liƙa sunayen waɗanda ya kira atisaye. Na rubuta rahotona shafi uku, zan kai masa gobe Laraba da safe, ya karanta ko kada ya karanta. Sai dai rubutu ba kamar gani ba ne. Na lura mutum biyu ko uku suna ɗaukar bidiyo ta bayan ragar 'yan Shari'a a rabin farko. Duk wanda ke da shi, ko na minti biyar ne, ko ɗan Shari'a ne, ya taimaka ya turo mini ta inbos kafin ƙarfe goma na daren nan. Datar ni zan biya.