Abin da ke cikin aljihun likita

Kowace sana'a da kayan aikinta. Manomi ba ya fita gona ba fartanya, tela ba ya rabuwa da tef a wuya, wanzami kuma zabirarsa tana rataye a kafaɗa. Ma'aikacin asibiti nasa kayan a cikin aljihu suke. Farar rigar da likitoci da ɗalibansu ke sawa aljihu uku gare ta, ɗaya a ƙirji, biyu a ƙasa, kuma da wuya ka ga ɗayansu wayam. Ni mai harhaɗa magunguna ne a wani asibiti a kudancin Jihar Katsina, inda akasarin masu zuwa wurinmu manoma ne daga ƙauyukan Funtua, Bakori, Danja, Kafur da Malumfashi. Shekarun da na yi ina aiki tare da likitoci sun nuna mini cewa wanda ya san abin da ke cikin waɗannan aljifai ya san cututtukan da ke damun ƙasarmu, ya kuma san yadda zai taimaki mai duba shi.

Abin da kowa ya fi sani shi ne abin sauraron ƙirji, wanda wasu ke ratayawa a wuya, wasu ke naɗewa su cusa a aljihu. Wani likitan Faransa, René Laennec, shi ya ƙirƙiro shi a birnin Paris a 1816, kuma na farkon takarda ce kawai ya naɗe kamar bututu. Sau da yawa nakan ji majiyyaci yana ƙorafi cewa likita bai ma ɗora masa abin awo ba, kamar dai ɗorawar ce magani. Kunne ne kawai aka ƙara wa tsawo, don a ji bugun zuciya, da shigar iska cikin huhu, da motsin hanji. Saboda haka idan an ɗora maka shi, ka yi shiru, ka ja numfashi yadda aka ce, 'yan rakiya kuma su dakata da bayani har a gama. Sauti ba ya ratsa riga uku da kyau. Macen da ke jin nauyi tana da ikon neman a kira mata ma'aikaciya mace ta tsaya a wurin.

Sai agogo. Da hunturu, idan tari ya yawaita a yara, za ka ga likita ya ɗaga rigar yaro, ya zuba wa cikinsa ido, yana duban agogo bai ce komai ba. Numfashi yake ƙirgawa na minti ɗaya cur. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, jaririn da bai kai wata 2 ba, numfashi 60 ko fiye a minti ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa shekara 1, iyakar ita ce 50. Daga shekara 1 zuwa 5 kuwa 40. Saurin numfashi ga yaro mai tari alama ce ta limoniya, ciwon da ke cikin manyan masu kashe ƙananan yara. Wannan awo ba ya buƙatar wutar lantarki ko ɗakin gwaji. Uwa ma za ta iya yin sa a gida da agogon waya, in yaro yana kwance ba ya kuka. Idan adadin ya kai, ko ƙasan ƙirjin yana loɓawa ciki in ya ja numfashi, kada a jira gari ya waye.

Akwai wani siririn tsiri na roba mai launi uku, ja da rawaya da kore, wanda ake zagaya wa damtsen yaro. Nauyinsa bai kai na takardar naira ba, amma shi ke fara nuna tamowa ga yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, wato tamowa mai tsanani. Daga 11.5 zuwa 12.5 rawaya ne, gargaɗi ke nan. Duk lokacin da na ga an zaro wannan tsiri nakan tuna manyan motocin da ke lodin masara da dawa da waken suya a kasuwannin Dandume da Funtua zuwa sassan Najeriya. Ƙasar da ke ciyar da wasu, a cikinta ake samun yaron da damtsensa ya faɗa ja, musamman daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon amfani bai shigo ba, ga zazzaɓin cizon sauro da gudawa. Sau da yawa ba hatsi ne babu ba. Kunu ne tsararo ba gyaɗa, ba waken suya, ba ƙwai, ga ciwo yana cin ɗan abin da ya shiga. Idan an ba ku abincin nan na gyaɗa da ake bai wa masu tamowa, magani ne na yaron da aka auna, ba na rabawa tsakanin yayye da ƙanne ba.

'Yar ƙaramar tocila tana da aiki fiye da haska hanya idan an ɗauke wuta. Da ita ake leƙa maƙogwaro, da ita ake duba ƙwayar ido. A yankin noma irin namu wannan duba yana iya raba rai da mutuwa. Wanda ya shaƙi wasu nau'o'in maganin ƙwari wajen feshi, ko yaron da ya kurɓi fiya-fiya da aka zuba a robar lemo, baƙin idonsa yakan tsuke ya koma kamar kan allura, ga dalalar miyau, ga gumi, ga numfashi yana sarƙewa. Da ganin haka likita ya san allurar da zai nema a wurina. Amma maganin ciyawa dabam ne da maganin ƙwari, kuma abin da ake yi wa kowannensu dabam. Don haka ku zo da robar maganin ko takardar jikinta. A tuɓe wa mutum tufafin da suka jiƙe, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai, domin aman na iya komawa huhu.

Abin da ya fi burge ni shi ne 'yar kwalbar gilashi, busasshiya, mai tsabta, wadda wasu tsofaffin ma'aikata ba sa rabuwa da ita da damina da lokacin girbi. Tarihinta a ƙasarmu yake. A shekarun 1970, David Warrell da abokan aikinsa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun yi nazarin saran kububuwa, suka bayyana wani gwaji mai sauƙi a 1977: a ɗebi jinin wanda aka sara kaɗan, a zuba a kwalbar gilashi, a ajiye ba a taɓa ba har minti 20, sannan a karkata ta. Idan jinin ya daskare, madalla. Idan yana gudana kamar ruwa, dafi ya hana shi daskarewa, sai a ba da allurar kashe dafi, a sake gwajin bayan awa 6. A wannan zamanin ne kuma aka gudanar da babban binciken cututtukan karkara a Malumfashi, wanda ya haɗa da saran maciji, lokacin da asibitin garin yake cikin asibitocin koyarwa na jami'ar. Yau ana amfani da wannan gwaji a Afirka da Asiya. Dole kwalbar ta zama gilashi, domin a roba jini ba ya daskarewa yadda ya kamata. Taimakon da 'yan'uwa za su yi shi ne su riƙe lokacin da aka yi saran, su hana mutum tafiya da ƙafarsa in da hali, kada su tsaga wurin, kada su ɗaure shi tamau da igiya.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi jawo zargi, wato littafi da waya. Wata rana wani dattijo ya miƙo mini takardar jikansa, ya matso kusa da taga ya rage murya.

"Ɗana, wannan likitan naku ɗan koyo ne? Ina yi masa bayani yana latse-latsen waya."

Na ce, "Baba, an ɗora yaron a sikeli kafin ya rubuta?"

Ya ce an ɗora. Na duba takardar, ga nauyin yaron a rubuce a sama, kilo 16, ga adadin maganin ya yi daidai da nauyin. Na nuna masa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ashe lissafi yake yi."

Lissafi ne kuwa. Maganin yara ba da ƙiyasin ido ake ba da shi ba. Ɗauki maganin zazzaɓin cizon sauro da aka fi bayarwa, mai haɗin atemeta da lumefantirin. A ƙananan ƙwayoyinsa, yaro mai kilo 5 zuwa ƙasa da 15 ƙwaya ɗaya yake sha a kowane lokaci, mai kilo 15 zuwa ƙasa da 25 ƙwaya biyu, mai 25 zuwa ƙasa da 35 uku, daga 35 zuwa sama huɗu, sau shida cikin kwana uku. Akwai kuma babbar ƙwaya ta manya wadda guda ɗayanta ke madadin huɗu. Magunguna dubbai ne, kowanne da adadinsa, da wanda ba a haɗa shi da shi, da wanda mai ciki ba ta sha. Ba kan da zai riƙe wannan duka. Shi ya sa tun 1985 aka fitar da wani ɗan littafin likitanci na Oxford da aka yi shi daidai aljihun farar riga, kuma har yau za ka gan shi a hannun ɗaliban da suka fito daga Shika ko Kano. Yanzu yawancin irin waɗannan littattafai sun koma cikin waya. Matambayi ba ya ɓata. Ni da nake karɓar takardun, na fi samun natsuwa da likitan da ya tsaya ya duba a kan wanda ya rubuta da ka. Amma likita ma yana da nasa haƙƙin: ya buɗe baki ya ce wa majiyyaci, bari in tabbatar da adadin maganin. Wannan kalma ɗaya ta isa ta kawar da zato.

Biro kuwa shi ne abin da ya fi ɓata a asibiti, shi ne kuma ya fi haɗa aikina da na likita. Abin da ya rubuta shi zan karanta, shi zan ƙirga. Idan kuka ga na riƙe takarda na tafi neman wanda ya rubuta ta, ba jan rai ba ne. Akwai magungunan da sunayensu suka yi kama, kuma ɗigo ɗaya da ya kauce a lamba yana ninka magani sau goma. Nawa aljihun bai wuce biro biyu, da na'urar lissafi, da 'yan ambulan na zuba ƙwayoyi ba. A jikinsu nake zana rana da wata ga wanda ba ya karatun boko, ko in rubuta masa da ajami in shi ya iya.

Ungozomomi da likitocin mata suna ɗauke da tef na auna tsayin ciki, da wani ɗan faifai da ake juyawa a gano ranar haihuwa, kwana 280 daga ranar farko ta al'adar ƙarshe. Mata da yawa a nan da watan Musulunci suke lissafi. Ba laifi. Ki ce, kwana kaza bayan ƙaramar Sallah, za a mayar da shi. Ƙiyasin "ya kai wata biyar ko shida" shi ne ke wahalar da kowa.

Sai 'yar robar man tsabtace hannu. A 1847, a birnin Vienna, Ignaz Semmelweis ya sa likitoci su riƙa wanke hannu da ruwan kulorin kafin su taɓa masu haihuwa, mace-macen mata ya ragu ƙwarai. Hannu da aljihu da bakin hannun riga duk suna ɗaukar ƙwayoyin cuta, har ta kai a 2007 hukumomin lafiya a Ingila sun umarci ma'aikata su bar dogon hannu a ɗakunan jinya. Idan likita ya goge hannu bayan ya taɓa ka, ba ƙyama ba ce, yana kare na gaba da kai ne, kamar yadda ya kare ka daga na bayanka. Kana kuma da ikon tambaya cikin ladabi ko an goge abin sauraron kafin a ɗora wa jaririnka.

Akwai abubuwan da ba a koyar da su a aji. Dabino biyu ko ƙullin gyaɗa na wanda ya kwana a bakin aiki bai ci komai ba. Da kuma 'yan kuɗi a nannaɗe. Ba sau ɗaya ba na ga sabon likita, wanda albashinsa ba wani abin kirki ba ne, ya zagayo ta ƙofar baya ya biya wa wani yaro kuɗin allura, ya ce kada in faɗa wa iyayen. Abin a yaba ne, amma ba tsari ba ne da za a dogara da shi, domin aljihun mutum ɗaya ba zai ɗauki ƙauye ba. Gidan da ya ware ɗan wani abu lokacin kaka saboda lalurar damina ya yi wa kansa gata.

Duk kayan nan tambaya suke yi wa jiki, amma rabin amsar tana wurinka. Don haka kai ma ka cika naka aljihun kafin ka kamo hanya: katin asibiti na baya, katin rigakafin yaro, da kwalaye ko takardun duk maganin da aka sha, har wanda aka saya a kemis da na gargajiya. Kada ka ɓoye, ba faɗa za a yi maka ba, so ake kada a ninka maka abin da ka riga ka sha. Mai hawan jini da mai ciwon suga su zo da takardar awonsu, mai sikila ya faɗa tun kafin a tambaya. Wanda wani magani ya taɓa yi wa illa, a rubuta masa sunan maganin ya riƙa yawo da shi. Kafin ka bar tagar karɓar magani kuma, ka maimaita wa wanda ya ba ka yadda za a sha, sau nawa, kwana nawa, don in akwai saɓani a gyara nan take.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ƙara wa masu ita.